Asirin Maƙera: Me Ya Sa Ƙarfe Ke Bin Guduma, Dutse Ke Fashewa?

Mutumin Yalwawa, a garin Dutse, ba ya bukatar a kwatanta masa dutse. Birnin Dutse zaune yake a gindin tsaunuka, daga jikin irinsu kuma ake samun tsakuwar zuba harsashin gini. Haka nan ba ya bukatar a kwatanta masa maƙera, domin da hadari ya fara haɗuwa a gabas manomi zai kwashi tsohuwar fartanya da garma ya nufi wurin gyara. Masu sana'o'in nan biyu, mai fasa dutse da maƙeri, makamansu iri ɗaya ne, wato wuta da guduma. Mai fasa dutse yakan tara itace ko tsofaffin tayoyi a kan falali ya cinna musu wuta. In wurin ya ɗau zafi sai a ji ƙara, dutsen ya tsage, shi kuma ya bi shi da guduma har ya zama tsakuwa. Maƙeri kuwa yakan cusa guntun ƙarfe cikin garwashin ƙirya, yaro na aikin zuga-zugi, har ƙarfen ya yi jajir. Sai ya zaro shi da awartaki, ya ɗora kan uwar maƙera, ya shiga duka. Ƙarfen ba ya tsagewa. Bajewa yake yi, yana miƙewa, yana lanƙwasa, har ya zama ruwan fartanya.

To, mene ne a cikin ƙarfe da ke sa shi bin guduma, wanda babu shi a cikin dutse? Ɗan Adam ya yi shekaru dubbai yana cin moriyar wannan bambanci ba tare da ya san tushensa ba. Cikakkiyar amsa ba ta haɗu ba sai a 1934, ido kuma bai ga shaidarta ba sai a 1956.

Tambaya mai tsohon tarihi

Ƙasarmu ba baƙuwar ƙarfe ba ce. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narkar da tama da aka yi aiki da su ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa. A Dutsen Dala an sami shaidar irin wannan aiki tun ƙarni na 7. Al'adar baka ta Kano ma tana cewa maƙera ne daga Gaya, maƙwabciyar Dutse, suka zo neman tama suka zauna a gindin Dala, zuriyarsu kuma su ne Abagayawa.

Aikin da waɗannan mutane ke yi shi ya ƙara wa tambayar wuya. Tama dutse ce ja, in an doke ta dagargajewa take yi kamar kowane dutse. Sai a zuba ta cikin murhun ƙasa tare da gawayi, a yi ta hura wuta. Zafin irin wannan murhu yana kaiwa wajen digiri 1,200, ƙarfe kuwa ba ya narkewa sai a digiri 1,538. Ke nan ba ruwan ƙarfe ake kwasowa ba, dunƙule ne mai ramuka, cuɗe da kashin tama, wanda sai an sake gasa shi an yi ta duka kafin ya tsarkaka. Abin mamakin shi ne, ƙarfen nan tun farko yana cikin tamar. Yana ciki tana fashewa, da ya fito sai ga shi yana lanƙwasa. Mene ne wuta da gawayi suka ƙara masa, ko suka raba shi da shi?

Mutanenmu sun ajiye abin a babin asiri. Ƙira gado ce, maƙeri kuma mutum ne da ake ganin wuta na jin maganarsa, shi ya sa har yau akan kai masa wanda ya ƙone, Sarkin Maƙera kuma na da kujerarsa a fada. Alƙur'ani mai girma yana da sura guda mai sunan ƙarfe, ta 57, a wata surar kuma an ambaci tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe cikin baiwar da Allah ya yi masa. Masanan ƙasashen Musulmi ma sun nemi dalili. Littattafan da ake jingina wa Jabir bn Hayyan, na ƙarni na 8, sun koyar da cewa kowane ƙarfe daga haɗuwar zaiba da farar wuta yake a cikin ƙasa, bambancin zinariya da dalma kuwa na tsarki ne da ma'auni kawai. A kan wannan fahimta aka yi ƙarnoni ana ƙoƙarin mayar da dalma zinariya. Ibn Sina, a ƙarni na 11, ya ce hakan ba zai yiwu ba, iyakar abin da masu wannan sana'a ke yi rini ne. Ya yi gaskiya, amma shi ma bai kai ga dalilin lanƙwasar ƙarfe ba.

Alamomin da suka kasa

In an ce mutum ya faɗi abin da ya raba ƙarfe da dutse, zai fara da abin da ido da kunne da hannu suka sani. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce tauri. Ƙyastu ya isa amsa. Idan aka karta ƙarfen ƙyastu a jikin dutsen ƙanƙara, tartsatsin da ke faɗawa kan auduga ɓarɓashin ƙarfe ne da dutsen ya kankaro, ya kama da wuta a iska. Dutsen ne ya ci ƙarfen. Duwatsun Dutse, waɗanda masana ilmin ƙasa ke lissafawa cikin dangin duwatsun Jos, shekarunsu kuma sun haura miliyan 200, suna ɗauke da irin wannan ƙanƙara. Ta fi ƙarfe tauri, amma ita ce ke fashewa.

Wani zai ce nauyi. Tukunyar alminiyam da ake zubawa daga tsofaffin gwangwanaye ta rushe wannan. In aka yanko alminiyam da dutsen giranit masu girma ɗaya aka ɗora a sikeli, kusan kunnen doki za su yi, kowannensu ya ninka ruwa nauyi wajen sau 2.7.

Wani zai ce amo. A Birnin Kudu, kudu da Dutse, kusa da kogunan dutse masu tsofaffin zanen shanu, akwai duwatsun da in an buga su suke amsawa kamar kuge. Wani mai bincike, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a 1955, jikinsu kuma cike yake da gurabun da dukan mutanen da ya bari. Suna da amon ƙarfe, amma duwatsu ne, in aka matsa musu za su tsage.

Saura sheƙi, tozali kuma ya gama da shi. Ɗanyen tozali, kafin a niƙa, yana walƙiya kamar azurfa, yana da nauyi a tafin hannu. Amma a ɗan ƙwanƙwasa shi, sai ya ɓare zuwa ƙananan gutsattsari masu kusurwa huɗu, kowanne da lafiyayyen gefe kamar an yanka da wuƙa. A ci gaba da niƙa, ya zama baƙin gari.

Alama ɗaya ce ta tsaya da ƙafarta. Tsakanin dutse da ƙarfe, wanda ke bajewa a ƙarƙashin guduma shi ne ke saurin ɗaukar zafi, yana kuma ba wutar lantarki hanya. Cokalin ƙarfe a cikin shayi nan da nan yake ƙona yatsa, muciya kuwa tana cikin tafasasshen talge ana riƙe da ita. A 1853 wasu Jamusawa biyu, Gustav Wiedemann da Rudolph Franz, suka auna ƙarafa iri-iri, suka tarar cewa gwargwadon yadda ƙarfe ke kai zafi, gwargwadon yadda yake kai lantarki. Azurfa ce kan gaba a duka biyun, jan ƙarfe na biye da ita. Wannan ya nuna akwai wani abu guda a cikin ƙarfe da ke yawo a sake, shi ke dakon zafi, shi ke dakon lantarki. Sai dai a lokacin babu wanda ya san ko mene ne.

Aka shiga cikin ƙwayar zarra

Masu ilmin sinadarai sun riga sun fara tara nasu alamun. A 1807, a Landan, Humphry Davy ya tura lantarki cikin narkakkiyar soda, sai ga wani farin ƙarfe ya fito, mai taushin da wuƙa ke yanka shi, mai rashin nauyin da yake yawo a kan ruwa yana tafarfasa shi. Shi ne sodiyam, yana nan cikin kanwa da gishirin da muke ci kullum. Abokin haɗinsa a gishiri kuwa kulorin ce, iska mai guba wadda aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abu biyu masu haɗari sun haɗu sun zama abin da miya ba ta daɗi sai da shi. Ashe ƙarfe na iya shiga cikin wani abu ya ɓace da dukkan halayensa, kamar yadda yake ɓacewa a cikin tama.

A 1852 Edward Frankland ya lura cewa kowane sinadari yana da ƙayyadadden adadin abokan da yake iya riƙewa. A 1869 Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai a jadawali, sai masu hali iri ɗaya suka faɗo layi ɗaya, a jadawalin da ake amfani da shi yau kuma ƙarafa suna hagu da tsakiya, waɗanda ba ƙarafa ba a kusurwar dama. Tsari ya bayyana, dalilinsa bai bayyana ba.

Ƙofa ta buɗe a 1897, lokacin da J. J. Thomson a Kambirij ya gano ilektiron, ɗan ƙanƙanin abu mai cajin nagatif wanda ke cikin kowace ƙwayar zarra. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa nauyin zarra da cajinta na fozitif suna dunƙule a cibiya. A 1913 Niels Bohr ya kawo bayanin cewa ilektiron suna zaune hawa-hawa a kewayen cibiyar. Hawan farko yana cika da biyu, na biyu da takwas. Na can ciki a ɗaure suke tamau, ba ruwansu da maƙwabta. Waɗanda ke hawan ƙarshe, 'yan waje, su ne ke gamuwa da na wata zarrar, a hannunsu kuma halin kowane sinadari yake.

Da aka ƙirga 'yan wajen nan sai jadawalin Mendeleev ya yi magana. Sodiyam na da ilektiron 11: biyu, takwas, sai ɗaya tilo a waje. Jan ƙarfe na da 29, ɗaya a waje. Baƙin ƙarfe na da 26, biyu a waje. Alminiyam na da uku a waje. Ƙarafa ke nan, 'yan wajensu kaɗan ne, riƙon da cibiya ke yi musu kuma sako-sako ne. A ɗaya ɓangaren, oksijin da farar wuta na da shida-shida, kulorin na da bakwai, saura kaɗan su cika takwas, don haka ƙoƙarinsu kullum su jawo na wani. Kabon, wanda shi ne jikin gawayi, da silikon, wanda ke cikin yashi da ƙanƙara, suna tsakiya da huɗu-huɗu.

Riƙo iri uku

A 1916 mutum biyu, Walther Kossel a Jamus da Gilbert Lewis a Kalifoniya, kowa ta hanyarsa, suka bayyana yadda zarra ke riƙe 'yar'uwarta.

Hanya ta farko ita ce bayarwa da karɓa, gishiri ne kuma misalinta. Sodiyam ya miƙa ɗansa tilo, kulorin ta karɓa ta cika takwas. Wanda ya bayar ya zama fozitif, wadda ta karɓa ta zama nagatif, sai suka manne wa juna. A 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence sun haska ƙwayar gishiri da hasken eksire, suka ga yadda aka jera su: kowane sodiyam kulorin shida ne ke kewaye da shi, kowace kulorin ma sodiyam shida ne. Muddin jerin na nan daidai, riƙon yana da ƙarfi, shi ya sa gishiri ba ya narkewa a wuta sai a digiri 801. Amma a doki kantun gishirin Bilma, sahu ɗaya ya gusa da taki ɗaya tak, sai fozitif ya fuskanci fozitif, nagatif ya fuskanci nagatif. Masu caji iri ɗaya tunkuɗe juna suke yi, nan take wurin ya rabe. Busasshen gishiri ba ya kai lantarki domin kowa a kafe yake a gurbinsa. In ya narke a ruwa kuwa, masu cajin sun sami sakewa. Dalilin da ya sa taɓa waya da hannu mai gumi ya fi haɗari ke nan.

Hanya ta biyu tarayya ce ta mutum biyu. Idan zarra biyu duk masu ja ne, babu mai sakar wa wani, sai kowace ta kawo ilektiron ɗaya su riƙe biyun a tsakaninsu. A cikin ƙanƙara kowane silikon yana riƙe da oksijin huɗu, kowace oksijin tana riƙe da silikon biyu, haka abin ya sarƙe ta kowace fuska. Wannan riƙo yana da ƙarfi ƙwarai, shi ya ba ƙanƙara taurin da take kankare ƙarfe, shi ya ba lu'ulu'u taurin da ya fi na kowane dutse. Amma riƙo ne mai alƙibla. Kowane ɗauri yana da abokinsa da kusurwarsa, ba ya karkata, ba ya sauya aboki. In ƙarfin duka ya fi ƙarfinsa, tsinkewa zai yi, kuma ba ya komawa.

Hanya ta uku ita ce ta ƙarfe, Paul Drude ne kuma ya fara hango ta a Jamus tun 1900. Idan zarra duk masu saki ne, babu mai karɓa, sai kowace ta saki 'yan wajenta su zama na kowa. Abin ya yi kama da gandu: 'ya'yan gida ba wanda ke da kunyarsa shi kaɗai, kowa ya zuba ƙarfinsa a gona ɗaya, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, rumbun nan kuma shi ke riƙe da gidan ko da wani ya sauya ɗaki. A cikin ƙarfe zarra suna jere a sahu da cajin fozitif, ilektiron ɗin da suka saki suna kai da komo a tsakaninsu, su ne ke ɗaure da kowa. Yawansu ya wuce misali: a guntun jan ƙarfe mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe, adadinsu ya kai lamba 8 da sifiri 22 a bayanta. Daga baya Arnold Sommerfeld a 1927, Felix Bloch a 1928 da Alan Wilson a 1931 suka gyara lissafin Drude da sabon ilmin kwantam, amma gindin maganarsa bai kau ba.

Da wannan aka warware ƙulli da yawa a lokaci guda. Sakakkun ilektiron su ne ke kwarara a wayar lantarki. Su ne ke kwasar zafi daga bakin cokali zuwa hannu. Su ne ke mayar da hasken da ya faɗo kan ƙarfe, abin da muke gani a matsayin sheƙi. Idan guduma ta tura sahu ɗaya ya zame a kan wani, babu ɗaurin da ya tsinke, domin tun asali ba wanda ke ɗaure da wani aboki na musamman. Zarra ta bar tsofaffin maƙwabta ta sami sababbi, riƙon yana nan yadda yake. Shi ya sa giram ɗaya na zinariya ake iya buga shi ya rufe wajen murabba'in mita guda.

Wutar mai fasa dutse ma ta sami bayani. Dutse ba shi da masu dakon zafi, sai fatarsa ta yi zafi ta kumbura alhali cikinsa da sanyi. Ƙanƙarar da ke ciki ma tana yin kumburin farat ɗaya a digiri 573. Ɗaurin da ba ya karkata ba zai jure wannan ja-in-ja ba. Tama kuma ƙarfe ne da oksijin ta karɓe wa 'yan waje, shi ya sa ta zama dutse. Aikin gawayi a murhu shi ne ya janye oksijin ɗin, ƙarfe ya sami ilektiron ɗinsa. Tsatsa kuwa komawa gidan jiya ce, fartanyar da aka bari a raɓa tana sake zama tama a hankali. Zinariya ba ta sakar wa oksijin nata, don haka ba ta tsatsa.

Ƙullin da ya rage

A 1926 Yakov Frenkel na Rasha ya lissafa ƙarfin da ake bukata kafin sahun zarra guda ya zame gaba ɗaya a kan na ƙasansa. Amsar da ya samu ta ninka abin da ake gani a zahiri sau ɗaruruwa, a wasu ƙarafan ma sau dubbai. In da lissafin nan ne ke aiki, babu damtsen maƙerin da zai iya baje ƙusa. Ke nan akwai abin da ya ɓace a bayanin.

A 1934 mutum uku suka kawo amsa iri ɗaya, kowa da kansa: Geoffrey Taylor ɗan Ingila, da Egon Orowan da Michael Polanyi 'yan asalin Hangari. Suka ce jerin zarra a cikin ƙarfe ba cikakke ba ne. Nan da can akwai sahun da ya zo rabi ya tsaya, ya bar tawaya a jerin. In an doki ƙarfe, ba dukkan sahu ke gusawa a lokaci ɗaya ba. Tawayar ce ke tafiya, layi ɗaya bayan ɗaya, har ta fita ta gefe, ƙarfi kaɗan kuma ya isa ya tura ta. A 1956 Peter Hirsch da abokan aikinsa a Kambirij suka sa siririn fallen alminiyam a madubin ilektiron, suka ga layukan tawayar nan suna tafiya. A dutse ma akwai su, amma riƙo mai alƙibla ba ya barin su motsa in ba a matsanancin zafi ba. Tun 1921 A. A. Griffith ya nuna cewa a abu irin gilashi ƙarfin duka yana taruwa ne a bakin 'yar ƙaramar tsaga har ta keta shi. A ƙarfe kuwa, bakin tsagar dakushewa yake yi saboda sahu na zamewa.

Daga nan duk abin da maƙeri ke yi ya fito fili. An ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: zafi na sa zarra rawa a gurabunsu, layukan tawaya su sami saukin wucewa, a digiri 912 kuma baƙin ƙarfe yana sauya tsarin jerinsa gaba ɗaya. Wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya ya san tana ƙara tauri a wurin kafin ta karye. Layukan ne suka yi yawa suka sarƙe, suka tare wa juna hanya. Saboda haka maƙerin fari, mai aikin azurfa da tagulla, yakan dakata da duka ya mayar da munduwa wuta, sarƙewar ta warware, taushi ya dawo.

Maƙerin baƙi kuma ya san ba kowane ƙarfe ke yin wuƙa ba, shi ya sa yake neman sifirin ɗin tsohuwar mota. A cikinsa akwai kabon kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari. In ya yi ja, kabon na narkewa ya bazu a tsakanin sahu. Da an tsoma shi a ruwa, sanyi ya zo farat ɗaya, kabon ya rasa lokacin fita, ya maƙale ya karkatar da jerin, layukan tawaya suka rasa hanya. Baki ya yi kaifi da tauri, amma yana iya ɓallewa, don haka gwani yakan sake ɗumama shi kaɗan ya rage masa gautsi. In kabon ya haura kashi biyu cikin ɗari, an shiga ƙarfen zubi, irin na tsohon dutsen guga na gawayi, wanda in ya sha guduma fashewa yake yi.

Masu zaman tsakiya

Riƙon nan uku ba katanga ce ta raba su ba. A 1932 Linus Pauling ya tsara ma'aunin ƙarfin da kowace zarra ke jan ilektiron, aka ga yawancin abubuwa suna wani wuri ne a tsakani. Tozalin dutse na cikinsu. Dalma ce haɗe da farar wuta, dalmar ta kai kashi 86 cikin ɗari na nauyinsa. 'Yan wajensa a ɗaure suke, shi ya sa yake ɓarewa, amma ɗaurin bai yi tsanani ba, haske na iya motsa su, shi ya sa yake sheƙi. Wannan sani yana da amfani a ɗakin mai jego. A 2011 likitoci a Boston ta Amurka sun sami dalma mai yawa a jinin wani jariri, da aka bi sawu sai aka tarar daga tozalin da aka kai daga Nijeriya ne, wanda kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ce. A Zamfara kuma, a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalma ba ta daina zama guba don ta shiga cikin dutse, ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro kuma ita ta fi saurin cutuwa da ita.

Silikon ma ɗan tsakiya ne. In an raba shi da oksijin aka tace shi, 'yan wajensa huɗu duk suna ɗaure. Amma a sa masa ɗigon fosfaras mai biyar a waje, sai ɗaya ya yi rara ya shiga yawo. A sa boron mai uku, sai gurbi ya buɗe. Wanda ya iya haɗa waɗannan biyu ya sami abin da zai ba lantarki hanya ko ya hana shi yadda ake so. A kan wannan ilmi aka ƙera taransista a 1947, da farantin sola na silikon a 1954, duka a ɗakunan binciken Bell a Amurka. Wayar da ke aljihu da solar da ke jan ruwan burtsatse a ƙauyukan Jigawa daga nan suka fito.

Ɗalibin sakandare a Dutse yana haddace biyu, takwas, ɗaya don ya ci jarrabawa, sau da yawa ba tare da an taɓa gaya masa cewa lissafin nan shi ne dalilin da ya sa fartanyar babansa ke gyaruwa, tulun babarsa kuma in ya fashe ya tafi ke nan. Wannan rashi ne babba, maganinsa kuma ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Guntuwar wayar jan ƙarfe, ƙwayar gishiri, ɗan dutsen ƙanƙara, batir da ƙwan tocila sun isa a nuna riƙo ukun nan a cikin aji. Malamin da ya kai ɗalibansa maƙera na awa guda zai tarar da mutumin da ya san launin wuta da halin ƙarfe fiye da yadda littafi zai koyar, su kuma ɗaliban suna riƙe da dalilin da shi bai samu ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana yaye masu digirin kimiyya, maƙeran Jigawa kuma suna nan da gadonsu. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. In muna son 'ya'yanmu su ƙera abin da yau muke saye daga waje, sai mun haɗa mai sanin hannu da mai sanin dalili a inuwa ɗaya, tun yaran suna aji ɗaya na babbar sakandare.